Fuska Ɗaya, Suna Goma Sha Ɗaya

Tsafe,
Litinin, 13 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga Yaya Lukuman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Hafsat da yara da ɗalibanka na makarantar kwamfuta. Inna na gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko hanyar Tsafe ma an kashe mata sabis ne.

Kwana goma ke nan da rufe layukan waya, ga ni yau ina rubuta wasiƙa kamar zamanin marigayi Baba. Bala direba zai kawo maka. Ya ce ka kai masa amsa tasha kafin la'asar, don yanzu ba mai yarda yamma ta yi masa a hanyar nan.

Ga abin da ke tafe da ni. Ka san kwamitin tsaro na unguwarmu, wanda Alhaji Shehu ke shugabanta. Matasan da ke gadin shingen bakin gari sun koma tare kowa, kuma duk wanda ba su shaida fuskarsa ba sai abin da Allah ya yi. Makon jiya sun lakaɗa wa wani mai kawo gero duka har ya kasa tashi, sai daga baya aka gane surukin limaminmu ne. Shi ne Alhaji ya ce a yi rajista, manoma da makiyayan da ke kewaye da mu duka, kowa da hotonsa, yadda in an tare mutum za a duba a sake shi. Ni kuma da bakina bai iya shiru ba na ce ai ana iya yinta a kwamfuta. Wata uku kacal na yi a ajinka kafin ciwon Inna ya dawo da ni gida, amma ka san halina.

Na haɗa ’yar manhaja da Python, yaren kwamfutar nan da ka koya mana. Shafi biyu ne. Ɗaya na mutanen gari, ɗayan kuma na waɗanda ake nema, su goma sha ɗaya, da hotunan da kwamiti ya samo daga wata waya da aka tsinta bayan harin watan jiya. Kowane suna da maɓallinsa a gefe, in an danna sai taga ta buɗe da hoton mai sunan.

To, tagar tana buɗewa, amma fara fat. Ba hoto, ba ko jan rubutun nan na kuskure da zai nuna mini inda zan dosa. Hotunan suna nan a ma'ajiyarsu, na duba ya fi sau goma. Jiya na zauna ina kallon farar tagar nan babu kowa a ciki, har na gaji na rufe ta.

Na kwafo maka layukan da ke ɗauko hoto da hannu a bayan takardar nan. Ka taimaki ƙanwarka, Alhaji ya fara yi mini kallon mai cika baki.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Juwairiyya.


Gusau,
Laraba, 15 ga Satumba.

Zuwa ga Injiniya Juwairiyya,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya. Ki ce wa Inna laifina na karɓa, kuma maganin hawan jininta na cikin ledar da Bala zai ba ki.

Rubutunki har yanzu kamar kaji sun bi ta kan takarda, amma na karanta. Wannan matsala babu ɗalibin da ba ta kayar ba. Python na da hali irin na Inna da tsintsiya: duk abin da ta ga an yar a ƙasa babu mai riƙe da shi, sharewa take yi. Kin ɗauko hoton a cikin aikin da ke buɗe taga, aikin ya ƙare, ba ki bar wa kowa hoton ya riƙe ba, sai aka share shi kafin idonki ya gan shi. Ki liƙa hoton a jikin abin da ke nuna shi, ko ki ajiye shi a wani jeri da ke waje. Na rubuta miki layin a ƙasa da jan biro.

Sai dai zan faɗa miki gaskiya, shafinki na biyu bai kwanta mini ba. Mutanenmu in takarda ta faɗi magana suna iya musu, amma in kwamfuta ta faɗa, sai su ɗauka an yanke. Waɗanda za su yi aiki da ita kuma samari ne masu bindigar toka da ba su samun barci. Ki bi a hankali. In kin samu sarari ki kwafo mini sauran, musamman wurin da kike ƙera maɓallan, in sa ido.

Nan Gusau ma ba daɗi. Ɗalibaina sha huɗu, shida ke zuwa.

Allah ya tsare mu.
Yayanki, Lukuman.


Tsafe,
Lahadi, 19 ga Satumba.

Yaya Lukuman,

Assalamu alaikum, da fatan an tashi lafiya. Inna ta gode da magani.

Ya yi! Layi ɗaya tak, sai ga fuskar mutum ta cika taga. Na yi rawa a tsakar gida har Inna ta ce ko aljanu ne. Daga ranar Laraba zuwa jiya na shigar da mutum sittin da uku. Kuma kada ka ce ba na gwaji. Duk wanda na shigar, sai na rufe manhajar na sake buɗewa, na danna maɓallinsa na ga fuskarsa da idona kafin in sallame shi. Ko sau ɗaya ba ta ba ni kunya ba. Matsalar kawai wuta. Fetur ya yi wuya, mai cajin bakin kasuwa rabin awa yake tada janareta, don haka a tsaye nake aikin, ba na taɓa abin da ba dole ba.

Ka san wa ya zo ƙarshe? Bawa. Bawan rugar bayan makaranta, wanda ya koya maka iyo a gulbi Baba ya zane ku tare. Makiyaya da yawa sun ƙi zuwa, suna tsoron hoto, kuma ban ga laifinsu ba. Shi ma matarsa Halima ce ta taso shi gaba. Ka san har yanzu ita ke kawo wa Inna nono kowace safiya, ko ranar da ba a saye. Ta ce ta gaji da zaman jiran ko zai dawo duk ranar da ya fita. Ya zo da rigarsa ta sallah, ya tsaya ƙiƙam kamar soja, na ce ya ɗan saki fuska, ya ƙi. Sai da Halima ta ce masa wani abu da Fulatanci ya yi murmushi, na ɗauka a daidai nan.

Da na nuna masa kansa a allo ya daɗe yana kallo. Ya ce, “To, ɗiyar Malam, yanzu in anka tare ni, sai in ce a duba na'ura. Ina ciki.”

Ina cikin nuna masa Alhaji Shehu ya shigo da wani baƙonsa, surukinsa ne daga wajen Bungudu, ana ce masa Malam Yahaya. Bawa ya gaishe su ya fita, ban ma jin baƙon ya ɗaga kai ya dube shi ba. Na nuna musu shafukan biyu, batir ya fara kuka, muka tashi. Alhaji ya sa mini albarka a gaban mutane. Yaya, ban taɓa jin na yi wani abu mai amfani kamar ranar ba.

Ga layukan maɓallan nan a baya, yadda ka nema. Zagaye ɗaya na yi a kan duk sunayen, yana jefa kowa a shafinsa. Ka duba ka yaba, kada ka yi rowa.

Ƙanwarka, Juwairiyya.


Gusau,
Talata, 21 ga Satumba.

Juwairiyya,

Salam. Ki karanta wannan kafin ki yi komai.

Kada kowa ya sake taɓa manhajar nan. Kada a kai ta shinge.

Maɓallanki ba su riƙe da hoton kowa. Abin da kika ba kowannensu umarni ne cewa in an danna shi, ya je ya duba wanda ke cikin ma'ajin da kika kira “mutum”. Ma'ajin nan kuma guda ɗaya ne. Zagayen yana zuba suna a ciki yana juyewa yana zuba wani, har ya ƙare, sai na ƙarshe ya zauna. Saboda haka duk maɓallin da aka danna, a kowane shafi, fuskar wanda aka shigar ƙarshe zai nuna. Gwajinki bai kama shi ba domin kullum na ƙarshen kike dannawa, shi kuma dole ya yi daidai.

Ki buɗe shafin waɗanda ake nema, ke kaɗai, ki danna suna na farko. Za ki ga abin da nake nufi.

Gyaran kaɗan ne. Ki sa kowane maɓalli ya ƙulle nasa mutumin tun lokacin da ake ƙera shi, kamar haka: lambda m=mutum: nuna(m). Ki kuma sa tagar ta riƙa rubuta sunan mai hoton a ƙarƙashinsa. Bayan nan ki danna duka saba'in da huɗun, ɗaya bayan ɗaya, ko da zai ci miki cajin kwana uku.

Wannan darasin a wata na huɗu nake koyar da shi. Ya kamata in faɗa miki tun a wasiƙar farko, na tsaya tsokana. Ki rubuto mini gobe ki ce ba wanda ya gani.

Lukuman.


Tsafe,
Laraba, 22 ga Satumba.

Yaya,

Salam. Ka yi haƙuri da rubutun.

Na danna. Sunan farko shi ne wanda aka ce ya jagoranci harin watan jiya. Bawa ya fito yana murmushi da rigar sallah. Na danna na biyu, Bawa. Har na goma sha ɗaya.

Na gyara, na danna duka, kowa ya koma fuskarsa. A nan Tsafe ba wanda ya gani, don ba a kai ta shinge ba tukuna.

Amma akwai abin da ban faɗa maka ba, don ban ɗauke shi komai ba. Ranar Asabar ɗin nan, kafin batir ya mutu, Malam Yahaya ya ciro filashi, ɗan abin kwafar bayanan kwamfuta, daga aljihu ya ce in zuba masa manhajar. Ya ce shi ne sakataren kwamitin garinsu, kuma waɗannan goma sha ɗayan su ma su suke nema, daji ɗaya ne. Alhaji ya ce in ba shi. Ni kuma kaina ya kumbura, aikina zai je har Bungudu. Na zuba masa komai, har da hotunan.

Yau da safe da Halima ta kawo nono na tambaye ta Bawa, ina ƙoƙarin kada muryata ta tona ni. Ta ce ai tun Litinin ya tafi gaisuwar rasuwar kawunsa, a wata ruga bayan Bungudu. Ta ce da ba ta so ya je ba, amma ya ce mata yanzu ba abin tsoro, yana cikin na'ura.

Na je wurin Alhaji na faɗa masa. Ya ce Malam Yahaya mutum ne mai hankali, kuma wataƙila ma bai buɗe ba. Ya ce garin Tungar Ƙirya ne. Na ɗauki wayata na fi sau ashirin ina dubawa, alhali na san babu komai a cikinta.

Yaya, kai ne kusa. Don Allah.

Juwairiyya.


Kwamitin Tsaron Gari,
Tungar Ƙirya, ta Bungudu.
Alhamis, 23 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga Malam Lukuman, mai koyar da kwamfuta a Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, tare da fatan alheri gare ka da iyalinka baki ɗaya.

Ba ka san ni ba. Ni ne Yahaya, sakataren wannan kwamiti, tsohon malamin firamare. Surukina Alhaji Shehu na Tsafe ya shaida mini cewa kai ka koyar da ƙanwarka wadda ta haɗa manhajar rajista. Allah ya saka muku da alheri, domin ta buɗe mana ido a kan abin da ya daɗe yana ɗaure mana kai.

Shekara biyu muna jin sunaye. Yau a ce wane ne ya ɗauki mutum a gona, gobe a ce wane ne ya kore shanu. Mun ɗauka taro ne. Ranar Litinin na buɗe shafin waɗanda ake nema a gaban dattawan kwamiti, na danna sunayen ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi duk fuska ɗaya ce. Ashe mutum ɗaya ne yake yawo da suna goma sha ɗaya. Wani dattijo da aka kashe wa ɗa bara sai da ya yi kuka da ya ga yadda mutumin yake murmushi.

Mun buga hoton guda arba'in, mun raba wa matasanmu da na ƙauyuka huɗu da ke maƙwabtaka da mu. Jiya wani mai faci ya ce ya ga mai kama da shi ya bi hanyar rugage ranar Litinin da yamma.

Dalilin wannan takarda shi ne tawadar na'urar buga takardunmu ta ƙare, kuma nan ba a samu. Muna roƙon ka taimaka ka buga mana guda ɗari a Gusau, ka ba wanda ya kawo maka wannan. Ga kwafi ɗaya na haɗo.

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, amin.

Naka cikin girmamawa,
Yahaya, Sakatare.


Gusau,
Asabar, 25 ga Satumba.

Ƙanwata Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Ki zauna ki karanta, kada ki karanta a gaban Inna.

Wasiƙarki ta kwana biyu a aljihun Bala, don ranar Laraba da Alhamis motoci ba su bi hanyar ba. Jiya da safe ta iso, tare da wata daga Malam Yahaya, wadda na haɗo miki. Ban tsaya karyawa ba na nufi Bungudu, daga can na taka da ƙafa zuwa Tungar Ƙirya.

Na same su bayan sallar Juma'a a zauren mai gari, dattawa kamar goma. Sun karɓe ni hannu biyu, suna zaton tawada na kawo. Malam Yahaya ba mugu ba ne, Juwairiyya. Farin tsoho ne mai tabarau da aka ɗaure da zare, ya rubuta sunan kowane mutum da garin ya rasa a wani littafi. Na yi musu bayanin ma'aji da zagaye, na ga ba wanda ya fahimta, kuma fuskoki sun fara canzawa. Sai na ce ya buɗe ɗaya shafin, na mutanen Tsafe, wanda bai taɓa buɗewa ba tunda bai san su ba. Na ce ya danna sunan surukinsa Alhaji Shehu. Bawa ya fito.

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai wani daga baya ya ce, “Kun gani ko? Har sunan Alhaji ya sata.” Wani kuma ya tambaye ni ina na san Bafulatanin, da har na taso daga Gusau domin shi. Na ji an matsa an tsaya a bakin ƙofa. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Na roƙi Malam Yahaya ya bar ni in ɗauke shi hoto da wayata. Ya yarda. Na jona waya da kwamfutarsa, na shigar da shi a matsayin mutum na ƙarshe, na rufe na buɗe. Na ce ya danna sunan wanda ya kashe ɗan dattijon nan, da hannunsa.

Ya danna. Ya ga kansa da tabarau da zare. Ya danna na biyu, da na uku. A na huɗu yatsansa ya tsaya a sama. Can ya cire tabarau ya ce, “Inna lillahi. Malam, mi munka yi?”

Na gyara masa layin, bai ɗauke ni minti ɗaya ba. Takardun ne ba su da gyara. Mun bi gida gida da shi har rana ta yi sanyi, mun karɓo tara. Sauran talatin da ɗaya suna aljihun samarin da suka shiga daji tun safiyar Alhamis, da na ƙauyukan nan huɗu, kuma babu wayar da za a kira kowa. Mai gari ya tura mutane a ƙafa. Malam Yahaya da kansa ya tafi rugar da aka yi rasuwar, duk da an hana shi. Sun ce masa Bawa ya yi sallama da su ranar Alhamis da hantsi, ya ce zai yanke ta daji ya fita titi don ya rage hanya.

Iyakar abin da na sani ke nan. Na sanar da jami'an tsaro a Bungudu, sun rubuta. Gobe zan koma. Kada ki ɗora wa kanki duka, ni na koya miki rabi na sake ki. Amma Halima tana da haƙƙin ta sani, kuma daga bakinki ya kamata ta ji.

Yayanki, Lukuman.


Tsafe,
Laraba, 29 ga Satumba.

Yaya Lukuman,

Salam. Inna na gaishe ka. Har yanzu shiru.

Na faɗa wa Halima ranar Lahadi, komai da komai. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Washegari ta dawo da nono kamar kullum, ta ce in nuna mata shi. Na buɗe shafin mutanen gari na danna sunansa. Ta daɗe tana kallo. Na ce in tana so zan buga mata ta ajiye. Ta ce a'a, an buga ya isa.

Sai ta ce in buɗe ɗaya shafin. Ta sa na danna sunayen nan goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, tana matsowa tana duba kowace fuska. Da muka gama ta ce, “Ba shi ciki.” Na ce ba ya ciki. Ta ce to.

Jiya ma ta zo mun danna, yau ma haka. Na roƙi mai caji ya riƙa fara sa mini kwamfutata, don ta ce gobe da safe za ta dawo.

In ka ji wani abu, ko mene ne, ka ba Bala.

Ƙanwarka, Juwairiyya.